Mawaƙin Da Aka Hana Wa Masauki: Ra'ayina Kan Wani Kashi Na Bonanza

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce, mu uku muka zauna a falon baffana muka kalli wani tsohon shirin talabijin na Amurka, irin waɗanda mutanenmu suke kira fim ɗin kaboyi, kuma da aka gama sai kowa ya tashi da nasa ra'ayin. Shirin shi ne Bonanza, kashin da muka kalla kuwa sunansa "Enter Thomas Bowers", wanda gidan talabijin na NBC ya fara nunawa ranar Lahadi 26 ga Afrilun 1964. Baffa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin sinimomi a zamanin da kaboyi da fim ɗin Indiya suke tashe, ya gyara zama ya ce, "Kai, waɗannan mutane 'yan halak ne. Ka ga yadda suka tsaya wa baƙon nan har ƙarshe." Ɗiyar yayata kuwa, wadda take karatu a jami'a, ta juyo wajena ta ce, "Kawu, ni ban ga abin yabo a nan ba. Turawa ne suka rubuta labari don su yabi kansu, baƙin mutumin kuma an kawo shi ne kawai don a sami wanda za a ceta." Ni dai shiru na yi a ranar, domin na ga gaskiya a bakin kowannensu, amma tun daga lokacin maganar take cin raina.

Ga wanda bai san Bonanza ba, shiri ne da aka fara nunawa a watan Satumban 1959, aka ci gaba da shi har Janairun 1973, zango 14, kashi 431. Labarin wani attajirin makiyayi ne mai suna Ben Cartwright da 'ya'yansa maza uku, Adam da Hoss da Little Joe, kowanne da mahaifiyarsa daban kuma duk sun rasu, suna zaune a wani makeken gandun kiwo da ake kira Ponderosa kusa da tafkin Tahoe a Nevada, garin da suke cin kasuwarsa kuma shi ne Virginia City. Lorne Greene ɗan ƙasar Kanada shi ne uban, Pernell Roberts da Dan Blocker da Michael Landon su ne 'ya'yan. Tun farko da launi aka ɗauki shirin, a lokacin da yawancin shirye-shirye fari da baƙi ne, saboda kamfanin RCA da ya mallaki NBC yana son jama'a su sayi akwatunan talabijin masu launi da yake ƙerawa. A 1961 aka mayar da shi daren Lahadi, kamfanin motoci na General Motors ya ɗauki nauyinsa don tallar Chevrolet, daga 1964 zuwa 1967 kuma babu shirin da ya kai shi yawan masu kallo a duk faɗin Amurka.

Labarin wannan kashi ba shi da sarƙaƙiya. An gayyaci wani shahararren mawaƙin opera, wato irin waƙar Turai ta manyan zaure wadda ake shekaru ana koyon sarrafa murya dominta, ya zo ya yi wasa a Virginia City, sai da ya sauka mutanen gari suka ga ashe baƙar fata ne. Nan take fuskoki suka canja, aka fara nuna masa ƙyama, har masauki ya zama abin wahala a gare shi. Ana cikin haka sai zargi ya taso cewa shi bawa ne da ya gudu daga hannun ubangijinsa, aka kama shi aka tsare. Iyalan Cartwright suka tsaya masa, daga baya ta bayyana cewa ba shi ne ake nema ba, ya fito ya yi waƙarsa. A farkon kashin an nuna Adam cikin ɓacin rai yana tattaunawa da mahaifinsa kan hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi kotu ta 'yanta shi aka ƙi, abin da ya ɗora labarin a shekarar 1857. Masu bin tarihi sun daɗe da lura cewa lissafin bai yi daidai ba, domin Virginia City ba ta kafu ba sai 1859 bayan an gano azurfar Comstock, amma wannan kuskure ne da bai dame ni ba, tunda marubutan sun san abin da ya sa suka jawo wancan hukunci cikin labarinsu.

Kafin in taɓa ra'ayin Baffa da na ɗiyata, akwai wani ra'ayi na uku da ya girme su duka, kuma har yau ana jinsa a bakin wasu masoyan kaboyi: wai a bar kaboyi ya zama kaboyi, dawaki da bindigogi da ɓarayin shanu, kada a cusa masa wa'azi da siyasa. Wannan ra'ayi ne da ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma tarihin wannan shekara ta 1964 kaɗai ya isa ya rushe shi. Watanni kaɗan kafin a nuna kashin, an shirya manyan 'yan wasan Bonanza uku, Greene da Blocker da Landon, za su halarci wani bajekolin kasuwanci a birnin Jackson na jihar Mississippi, garin da aka harbe Medgar Evers, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar 'yancin baƙaƙe, a ƙofar gidansa a watan Yunin 1963. Ɗaliban kwalejin Tougaloo, wadda yawancin ɗalibanta baƙaƙe ne, suna da wani kwamiti ƙarƙashin wani ɗalibi mai suna Austin Moore, aikinsa shi ne rubuta wa mawaƙa da 'yan wasa yana sanar da su cewa zauren da za su shiga na wariya ne. Da saƙon ya isa, 'yan wasan suka janye. Magajin garin Jackson na lokacin, Allen Thompson, ya fusata ya yi kira ga fararen garin su ƙaurace wa kallon Bonanza, masu goyon bayansa kuma suka shiga matsa wa masu talla lamba. Waɗannan su ma masu kallo ne, kuma wannan shi ne ra'ayinsu. Ba su taɓa kukan siyasa ba a duk shekarun da kaboyi yake nuna musu farar fata yana karɓe ƙasa daga hannun 'yan asalin nahiyar ana yi masa kirari. Sai ranar da jaruman da suke ƙauna suka ƙi tsayawa a gaban zauren wariya, sannan suka gano cewa an ɓata musu nishaɗi. Mu ma nan gida ya kamata mu tuna da wannan, domin Baffa da kansa ya ba ni labarin yadda sinima takan ɗauki sowa da tafi duk lokacin da kaboyi ya harbo ɗaya daga cikin waɗanda ake kira Indiyawan daji daga kan doki, ba wanda ya tsaya ya tambayi ƙasar wa ake faɗa a kanta.

Saboda haka ina tare da Baffa a kan cewa abin da aka yi ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake dalilina ya bambanta da nasa. Shi halin Hoss da 'yan'uwansa ne ya burge shi, ni kuwa ranar da aka nuna kashin da kuma gidajen da ya shiga su ne suka fi tsaya mini a rai. A wannan dare na Afrilu, Majalisar Dattawan Amurka tana tsakiyar ja-in-ja kan dokar 'yancin jama'a, sanatocin jihohin Kudu, inda wariya ta fi ƙarfi, suna ta jan ƙafa da dogayen jawabai don kada a kai ga ƙuri'a, kuma ba a karya wannan turjiya ba sai 10 ga Yuni, shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu ranar 2 ga Yuli. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da dokar ta ƙunsa shi ne haramta wa masu otal da gidajen abinci korar mutum saboda launin fatarsa. To a daidai lokacin da ake wannan taƙaddama, miliyoyin iyalai sun zauna bayan cin abincin dare, da yara da kakanni, suka ga an wulaƙanta mutum mai ilimi da kamala a kan masauki, suka ga kuma Hoss, wanda masu kallo suke ƙauna ƙwarai a cikin 'ya'yan Cartwright, ya tsaya a gefensa. Mutumin da ba zai taɓa sauraron jawabin Martin Luther King ba, wanda da ya ga masu zanga-zanga a labarai zai murɗe akwatinsa, ga shi an shigo masa da maganar har ɗaki ta bakin mutanen da ya amince da su.

Kuma abin ba tarihin shekara ɗari ba ne ga jihar Nevada kanta. A shekarun 1950, manyan mawaƙa baƙaƙe irin su Nat King Cole da Sammy Davis Jr. sukan cika zaurukan otal-otal na Las Vegas da masu saurare, amma sau da yawa da an gama wasa sai su nufi unguwar baƙaƙe da ke yammacin gari su nemi wurin kwana, domin otal ɗin da suka tara wa kuɗi ba ya ba baƙar fata ɗaki. Har laƙabin Mississippi ta Yamma aka yi wa jihar. Sai a watan Maris na 1960 aka cimma yarjejeniyar buɗe waɗannan wurare ga kowa, shekara huɗu kacal kafin a nuna labarin Bowers. Shi wannan Nat King Cole ya taɓa samun shirinsa na kansa a NBC ɗin nan a 1956, shirin ya mutu a ƙarshen 1957 saboda babu wani babban kamfani da ya yarda ya ɗauki nauyinsa a faɗin ƙasa, don tsoron fushin masu saye a Kudu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba da ya ji David Dortort, wanda ya ƙirƙiri Bonanza kuma yake shirya shi, ya bayyana cewa General Motors sun nuna fargaba a kan wannan kashi. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a talabijin ɗin Amurka na wancan zamani mai ɗaukar nauyi shi ne mai faɗa a ji. Duk da haka Dortort ya nuna kashin, ya kuma dage sai da aka maimaita shi a lokacin maimaicin bazara, inda tashoshi biyu a Kudu suka ƙi sa shi. Wannan tsayuwa ce ta gaske da ta iya jawo asarar kuɗi ta gaske, kuma ba na son a share ta da kalma ɗaya don kawai yau abin ya zama mai sauƙin faɗa.

Amma ɗiyata ba ta yi kuskure ba, kuma da na koma na karanta tarihin Thomas Bowers na haƙiƙa sai na ga ta fi gaskiya fiye da yadda ita kanta ta sani. Mutumin ba ƙirƙirarre ba ne. An haife shi a birnin Filadelfiya a farkon shekarun 1820, ɗa ne ba bawa ba, mahaifinsa sanannen mutum ne a cocin St. Thomas, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un baƙaƙe na birnin, shi kuma ya koyi ɗinki ya zama tela, yana kaɗa ogan a wannan coci. Ya koyi sarrafa murya a wajen Elizabeth Taylor Greenfield, matar da aka haifa cikin bauta a Mississippi amma ta kai ga yin waƙa a gaban Sarauniya Victoria a Ingila a 1854, kuma sun yi yawon wasa tare. 'Yan jarida suka riƙa kwatanta muryarsa da ta Giovanni Mario, shahararren mawaƙin Italiya na zamanin. Ya rasu a 1885. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa, bayan muryar, shi ne ƙin yin waƙa a zauren da aka ware baƙaƙe ko aka hana su shiga. A 1855 a garin Hamilton na ƙasar Kanada, masu zaure sun hana wasu baƙaƙe zama a kujerun alfarma da suka sayi tikitinsu, Bowers ya ce shi kuwa ba zai buɗe baki ba sai an zaunar da su, masu zauren kuma suka sauko. Ya kuma bayyana cewa abin da ya fi tura shi fitowa gaban jama'a shi ne ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya wannan fanni na waƙa ba.

A nan ne zuciyata take sosuwa. Marubutan Bonanza sun sami mutumin da shi ne yake gindaya sharaɗi, wanda yake riƙe muryarsa a matsayin makami yana cewa ba za ku ji ta ba sai kun mutunta 'yan'uwana, sai suka mayar da shi mutumin da yake zaune a ɗakin tsaro yana jiran wasu su fitar da shi. Abin da ya ƙara mini nauyin wannan shi ne cewa 'yan wasan shirin da kansu, a farkon wannan shekarar, sun yi daidai abin da Bowers ya yi a Hamilton shekara 109 kafin su, wato sun ƙi tsayawa gaban zauren wariya. Sun san darajar wannan mataki tunda sun ɗauke shi, an zage su a kansa, an yi kiran a ƙaurace musu. Amma da aka zo rubuta labarin mutumin da ya riga su, sai aka cire masa wannan jarumtar aka rataya wa iyalan Cartwright. Na fahimci dalilin, domin kowane kashi na Bonanza an gina shi ne a kan cewa matsala za ta zo gari, Ben da 'ya'yansa su warware ta kafin sa'a ta cika, kuma mai kallo da su ya saba, ta idonsu yake ganin duniya. Sai dai fahimtar dalili ba ta hana ni ganin abin da aka rasa. Da an nuna Bowers ya dubi mutanen garin bayan an sake shi ya ce ba zai yi waƙa ba sai kowa ya zauna inda yake so, da an fi kusantar gaskiya, kuma da yaro baƙar fata da yake kallo a daren nan ya ga wani abin da talabijin ba ta saba nuna masa ba.

Dole in yi wa William Marshall adalci, wanda ya fito a matsayin Bowers, domin shi ne ya hana wannan rauni ya cinye kashin gaba ɗaya. Dogon mutum ne mai kakkaurar murya, ƙwararren ɗan wasan dandamali da ya yi suna wajen fitowa a matsayin Othello, jarumin wani wasan kwaikwayo na Shakespeare, kuma ko da rubutun ya sa shi a matsayin mai neman taimako, tsayuwarsa da kallonsa da yadda yake furta kalma ba na mai roƙo ba ne. Idan ya dubi masu wulaƙanta shi, mai kallo yakan ji cewa su ne suka ƙasƙanta. Baffa da kansa ya lura da haka, domin a tsakiyar kallon ya ce, "Wannan ai ya fi su duka kwarjini." A zamanin da galibin abin da ake ba baƙar fata a talabijin shi ne ya fito a bara ko direba ko mai ba da dariya, ganin irin wannan mutum a ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi farin jini abu ne mai nauyi, kuma nasarar ta Marshall ce kafin ta zama ta kowa.

Akwai kuma wani abu da babu wanda ya ambata a falon Baffa, wanda a wurina ya fi batun ceto girma. Dukkan ƙullin labarin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: shin wannan mutum bawan da ya gudu ne ko kuwa ba shi ba ne? Da amsa ta fito cewa ba shi ba ne, sai mai kallo ya sauke ajiyar zuciya, ya ji an yi adalci. To idan da shi ne fa? Idan da gaske ya tsinke sarƙa ya keta dubban mil yana neman inda zai rayu a matsayin mutum, shin daidai ne a ɗaure shi a mayar? Dokar bayi masu gudu ta 1850 ta wajabta wa hukuma kama shi, ta tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ga wanda ya taimaka masa, ta hana wanda ake zargi ba da shaida a kan kansa, ta hana masa zaman masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, har ma ta tsara cewa jami'in da ya saurari ƙarar zai karɓi dala 10 idan ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Hukuncin Dred Scott na 6 ga Maris 1857, wanda alƙalin alƙalai Roger Taney ya rubuta, ya ƙara da cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne. A ƙarƙashin irin wannan tsari, ɗa ma bai tsira ba, kamar yadda ya faru da Solomon Northup, wanda aka sace a 1841 ya shekara 12 cikin bauta. Kashin ya taɓo wannan ta bakin Adam, kuma na yaba masa da hakan, amma ƙarshensa ya ba mai kallo hanyar zillewa: zai iya tausaya wa Bowers saboda an yi kuskure a kansa, saboda shi mai ilimi ne, mai suna, mai baiwar da ba kowa yake da ita ba, ba tare da ya taɓa fuskantar cewa wanda ake nema ɗin ma bai yi laifin komai ba. Mutuncin da sai ka iya waƙar opera kafin a ba ka, ko sai ka nuna takardar shaidar cewa kai ɗa ne, ai yawancin mutane ba za su same shi ba.

Wani zai ce ina neman abin da ya fi ƙarfin shirin sa'a guda da ake katsewa da tallar mota, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma shi Bonanza ya nuna a wasu lokuta cewa yana iya matsawa gaba. Tun 1960 ya yi kashi a kan ƙiyayyar da ake nuna wa 'yan China a Virginia City, a 1962 ya yi wani a kan yaro Bayahude Albert Michelson wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1907, a 1969 kuma Michael Landon ya ba da umarnin wani kashi da Ossie Davis ya fito a matsayin tsohon bawa mai iyali, mutum na talaka wanda ba shi da wata baiwar da zai nuna a tausaya masa, kuma yana da shakku a kan taimakon Hoss ɗin kansa. Tazarar da ke tsakanin 1964 da 1969 ta nuna mini cewa masu shirin suna koyo, kuma ina ganin irin sukar da ɗiyata ta yi ce take koya wa masu shirya fim, ba yabo irin na Baffa ba. Duk da haka a dukkan shekarunsa 14 shirin bai taɓa cike babban giɓin ba, wato ɓacewar baƙaƙe daga yammacin Amurka na talabijin. Masana tarihi da dama suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Texas bayan yaƙin basasar Amurka baƙaƙe ne. Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta, ya yi shekaru fiye da talatin yana aikin kama masu laifi a yankin da ya zama Oklahoma. A Virginia City ɗin kanta akwai baƙaƙe mazauna gari, har wani mai suna William Brown ya mallaki wurin shaƙatawa da ake kira Boston Saloon daga tsakiyar shekarun 1860 zuwa 1875. Ba baƙi ba ne da suke sauka daga keken doki sau ɗaya a zango su zama darasi ga mutanen gari, suna nan tun farko, labarin ne bai cika ganinsu ba.

Inda na tsaya ke nan. Ina ganin kashin ya cancanci a kare shi daga masu cewa ba shi da wata daraja, domin sun manta da Jackson, sun manta da tashoshin da suka ƙi nuna shi, sun manta cewa ko a 1968 sai da wani jami'in kamfanin motoci na Chrysler ya tayar da jijiyar wuya saboda mawaƙiya Petula Clark, farar fata, ta dafa hannun mawaƙi Harry Belafonte, baƙar fata, a wani shirin NBC. Ina kuma ganin ya cancanci a soke shi, domin ya rage wa Thomas Bowers tsawo don ya shiga cikin labarin wasu, ya kuma bar mutumin da ya gudu daga bauta a bayan fage ba tare da an tsaya masa ba. Ba na jin ɗaya daga cikin waɗannan biyun yana soke ɗayan, kuma ban yarda da mai cewa dole in zaɓi ɓangare ba.

Bayan sati biyu na koma gaishe da Baffa, na ba shi labarin abin da ya faru a Hamilton, da kujerun da aka hana, da mawaƙin da ya ƙi buɗe baki. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni, "To don me ba su nuna wannan ba?" Na ce masa, "Baffa, a lokacin suna ganin masu kallonsu ba za su iya ɗauka ba." Ya girgiza kai ya ce shi da an nuna masa da ya ɗauka, sannan ya ce in kira masa jikarsa a waya, yana son ya gaya mata da bakinsa.